Hanya Ce Ke Zaɓen Ɗan Wasa: Tarihin Nisa a Ƙwallon Ƙafar Nijar

Wanda duk ya ɗauki jerin ƙungiyoyin da suka ci gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Nijar, tun daga 1966 har zuwa yau, zai ga sunan gari guda yana ta maimaita kansa kamar amshin waƙa. Shekaru biyu ne kawai ke katse amshin: 1983, da Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauki kofin, da 1984, da Espoir ta Damagaram ta karɓa daga hannunta. Tun daga nan an shekara arba'in da ɗoriya kofin bai sake kwana a wajen Yamai ba.

Mai saurin yanke hukunci zai ce ai gwanayen a Yamai suke. Mu da muka san yadda yara ke murza ƙwallo ba takalmi a filayen Tasawa da Mirriya da Birnin Ƙonni ba mu karɓi wannan magana ba. A ƙidayar 2012, Damagaram da Maraɗi da Tawa kowace ta haura mutum miliyan uku, Yamai kuwa da kaɗan ta wuce miliyan ɗaya. Ba ta yiwuwa a ce jahohin da suka fi kowa haihuwar yara su ne suka kasa haihuwar ƴan wasa. Abin da ya shiga tsakanin yaron Tasawa da kofin ƙasa, a ganinmu, kwalta ce da kuɗin mai da kwanakin da hanya ke cinyewa. Tarihin ƙwallon ƙasar nan, in an bi shi a hankali, tarihin hanya ne.

Tushen abin ya girmi gasar kanta. Daga 1911 Damagaram ce mazaunin mulkin Faransa a wannan yanki, har 1926 da Turawa suka kwashe ofisoshinsu suka koma Yamai, a bakin kogin Kwara. Da wannan ƙaura babban birni ya koma kusurwar yamma ta ƙasar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,267,000, mafi yawan jama'a kuwa suna can gabas da shi, a jere a gefen iyakar Nijeriya. Daga Yamai zuwa Tawa wajen kilomita 550 ne, zuwa Maraɗi wajen 660, zuwa Damagaram kusan 900. Agadas tana wajen 950, Arlit kusan 1,200, Difa kuwa ta haura 1,300. Babu jirgin ƙasa da ke haɗa waɗannan garuruwa. Ko dogon da aka shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso a shekarun baya bai zama hanyar fasinja ba. Jirgin sama kuma ba na ƙungiyar da ke bin bashin riguna ba ne. Saura mota.

A shekarun farko na ƴancin kai ƙwallon gasa wasan unguwannin Yamai ne, kuma sunayen zakarun lokacin sun isa shaida: Secteur 6 da Secteur 7, wato shiyya ta shida da ta bakwai ta birnin, waɗanda daga baya suka zama Olympic da Sahel. Ƴan makaranta da ƙananan ma'aikata ne ke bugawa, su tashi daga aiki su tafi fili a ƙafa ko a kan keke. A sauran manyan garuruwa ma ana wasa, sai dai kowane gari da nasa zakara, domin hanyar da za ta haɗa su yawancinta jar ƙasa ce, da damina kuwa mota kan kwana a bakin ƙorama tana jiran ruwa ya janye.

Shekarun 1970 ne suka sauya wannan. Seyni Kunce ya karɓi mulki a watan Afrilu na 1974, daidai lokacin da kuɗin yuraniyom ya fara shigowa da ƙarfi. Aka ci gaba da shimfiɗa kwalta a babbar hanyar da ta ratsa ƙasar daga yamma zuwa gabas, wadda aka laƙaba wa hanyar haɗin kai, aka kuma gina ta Tawa zuwa Agadas da Arlit domin manyan motocin da ke fitar da ma'adinin. Gwamnatin soja ta farfaɗo da Samariya ta mai da ita hannun da take riƙe matasa da shi, tun daga unguwa har zuwa jaha. Bukin matasa na ƙasa ya riƙa zagayawa gari-gari, hukuma ce ke kai mutane, ita ke ciyar da su. Ba mu ce wannan ne kaɗai ya ba Jangorzo da Espoir kofi ba, domin ba kwalta ke jefa ƙwallo a raga ba, kuma Maraɗi da Damagaram na lokacin garuruwan alhazai ne masu hannu da shuni, waɗanda gyaɗa da fataucin kan iyaka suka azurta. Amma abin lura ne cewa shekaru biyun da kofin ya fita sun faɗo ne a ɗan tsakanin nan da hanya take sabuwa, kai matasa daga gari zuwa gari kuma yake cikin aikin hukuma.

Tsakanin bai daɗe ba. Farashin yuraniyom ya faɗi tun farkon shekarun 1980, baitulmali ya rame, Samariya ta bi zamaninta. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, mai da taya da kayan gyaran mota suka yi tsada. A arewa tawaye ya ɓarke a farkon shekarun 1990, ya sake dawowa daga 2007 zuwa 2009, har ta kai ana bin hanyar Agadas zuwa Arlit a ayari da rakiyar soja. A irin wannan hali tambayar da ke gaban kowace ƙungiya a farkon kaka ba ta wa zai tsare gida ko wa zai ci ƙwallo ba ce. Tambayar ita ce wa zai zuba mai.

Jerin zakarun ƙarnin nan ya ba da amsa. Ƴan sanda sun ci a 2008, sojoji a 2010, ƴan duwan a 2013 da 2015, kamfanin mai na SONIDEP a 2018 da 2019, jandarma a 2021, kamfanin lantarki na Nigelec a 2022, ga kuma askarawan gardi da suka ci sau da dama. Duk hukumomi ne ko kamfanonin gwamnati, masu motocinsu da direbobinsu da kasafin kuɗin shekara, masu bariki ko masauki a kowace jaha inda ƴan wasa za su sauka. Mafi muhimmanci, suna iya yi wa yaro alkawarin abin da ya fi ladan wasa, wato albashin wata ko ma kaki. Ƙungiyar gari irin Dankassawa ta Maraɗi ko Ader ta Tawa ba ta da wannan. Tana rayuwa ne a kan aljihun wani attajiri da ɗan tallafin hukumar ƙwallo da karo-karon masoya, ranar da attajirin ya gaji kuwa mota ba ta tashi. Ƙungiyar da ba ta iso fili ba ana rubuta mata ci uku da nema, ba tare da an taɓa ƙwallo ba.

Arlit ce ta fi nuna abin a fili, domin ita ce ta fi kowa nisa a cikin garuruwan da suka daɗe a babbar gasa, ita ce kuma ta fi jurewa. Gari ne da aka kafa a ƙarshen shekarun 1960 a tsakiyar hamada saboda ma'adini kawai. SOMAIR ta fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK ta bi baya a Akokan a 1978. A inuwar waɗannan kamfanoni ƙungiyoyin garin biyu suka taso, Urana da Akokana, sunayensu ma sun faɗi asalinsu. Inda Maraɗi mai miliyoyin jama'a ke hawa tana sauka, wannan ƙaramin gari na ma'aikata ya sha riƙe kujeru biyu a rukunin farko. Ba don yaran Arlit sun fi na Maraɗi iya ƙwallo ba. Akwai dai wanda ke biyan kuɗin hanya.

To amma biyan kuɗin hanya bai rage tsawonta ba. Mu ƙaddara gasa mai ƙungiya goma sha huɗu, goma daga cikinsu a Yamai, lissafin da bai yi nisa da abin da aka saba gani ba. Ƙungiyar Yamai za ta fita gari sau huɗu kawai a kaka, sauran wasanninta na waje kuwa a filin da ta saba ne, ɗan wasa ya kwana a ɗakinsa ya ci tuwon gidansu. Ƙungiyar Arlit tana da wasa goma a Yamai. Zuwa da dawowa kilomita 2,400 ne, sau goma ya zama 24,000. Ko an tausaya mata an haɗa mata wasa biyu a tafiya guda, rabin wannan ya rage, ta kuma biya da buga wasa biyu cikin ƴan kwanaki da ƙafafun da suka kwana a mota. A kan takarda maki uku ɗaya ne ga kowa.

A nan ya kamata mu tsaya, domin a nan ne nisa ke taɓa tarbiyyar ɗan wasa. Ƙwallo sana'a ce ta maimaici. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai yana gyaruwa ne a ranakun da ba kowa a fili sai shi da mai horarwa, ana sa shi ya tare ƙwallo da ƙafar hagu sau ɗari, ana nuna masa inda zai tsaya in abokin gaba ya taso. Mako kwana bakwai ne. Wasan waje a Yamai yana cin kwana biyu na zuwa in hanya ta lalace, kamar yadda ta Tawa zuwa Agadas ta lalace shekara da shekaru, har ta zama abin kuka ga direbobi. Ranar wasa ɗaya, dawowa kwana biyu. Ranar da aka iso ba mai iya gudu. Saura kwana ɗaya, wanda mai horarwa zai kashe wajen shirya wasan gida mai zuwa, ba wajen koyar da kowa komai ba. A makon da takwaransa na Yamai ya yi atisaye sau huɗu ko biyar, yaron arewa ya yi ɗaya. A tara wannan kaka uku a jere, daidai shekarun da jiki da ƙwaƙwalwa suka fi karɓar koyo, sai a ga yara biyu da suka fara daidai sun rabu, a ce ɗaya ya fi baiwa.

Jiki ma yana biyan nasa. Zaman awa goma sha biyar ko ashirin a kujerar mota, gwiwa a naɗe, yana kumbura ƙafa ya ɗaure jijiya, kuma tsokar da aka fito da ita daga mota aka jefa ta cikin gudu ita ce ke saurin yagewa. Abincin hanya abin da aka samu ne a tasha, a Dogon Dutse ko Ƙonni ko Abalak: shinkafa da mai, tsire, burodi da shayi. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri arba'in, mutum ya ƙi shan ruwa don kada ya tsayar da mota. Wanda ya ji rauni a Yamai da shi za a koma, ƙafar tana lilo a kan jaka har Arlit.

Sai kuma wanda ba a ɗauka ba sam. Ƴan wasan waɗannan ƙungiyoyi ba ƙwararrun da ƙwallo kaɗai ke ciyar da su ba ne. Akwai ɗan makaranta, akwai yaron kanikanci, akwai mai ɗinki da mai tsaron shagon yayansa. Wasan gida yammacin Asabar ko Lahadi kowa na iya zuwa. Tafiyar kwana biyar kuwa tana nufin ɗalibi ya bar aji mako guda, yaron shago ya nemi izinin maigida sau biyu a wata. Uba mai hankali zai hana, kuma ba mu ga laifinsa ba. Shi ma mai horarwa, da kujerun mota a ƙirge da kuɗin masauki a ƙirge, manyan da suka san hanya zai ɗauka, waɗanda za su tsare gida a tashi canjaras a dawo da maki ɗaya. Yaron da ya fi buƙatar ya ga baƙon fili da baƙin ƴan kallo shi ke zama a gida. Gasar ƴan ƙasa da shekara goma sha bakwai kuwa, wadda ita ce gandun da ake shuka ƴan wasa, ita ce abu na farko da ake yankewa in kuɗi ya gaza, domin wanda bai iya kai manya ba ina zai kai yara. Sai yaran gari su yi ta karawa da junansu har kowa ya haddace kowa, gwanin unguwa ya girma bai taɓa haɗuwa da wanda ya fi shi ba.

Ido ma a Yamai yake. Can hukumar ƙwallo ta FENIFOOT take, can mai horar da Mena yake zaune, can babban filin Seyni Kunce yake, can dillalan da ke kai yara waje suke sauka. Musa Maazu ɗan Yamai ne, a ƙungiyar sojoji ya yi fice, daga nan Lokeren ta Beljiyom ta ɗauke shi a 2008, shekara guda bayan haka ya koma CSKA ta Mosko. Ba mu rage masa komai ba, gwani ne, kuma da shi Mena ta Haruna Dula ta fitar da Masar da Afirka ta Kudu ta je gasar Afirka ta 2012 karon farko. Amma wanda ke bugawa kowane mako a gaban masu zaɓe ba ɗaya yake da wanda suke gani sau biyu a shekara, a gajiye, bayan kwana biyu a mota ba. Yaran jahohi sun gane wannan tun tuni. Duk wanda ya ji ƙafarsa ta nuna sai ya tattara ya koma Yamai, ya zauna a ɗakin wani ɗan garinsu yana jiran gwaji. Kaɗan su dace, da yawa su ɓace, ƙungiyar da ta raine su kuma ta koma neman wasu.

Kada a ɗauka Yamai ta ci riba tsintsa. Hukumar duwan ba ta da unguwa, ba wanda aka haifa yana son kamfanin lantarki. Wasannin ƙungiyoyin hukumomi sau da yawa a gaban kujeru wayam ake yin su, a fili mai ɗaukar dubban mutane, alhali a Maraɗi ko Damagaram wasan ƙungiyoyin unguwa lokacin hutun makaranta kan tara jama'a har kan katanga. Kuɗi yana inda ba ƴan kallo, ƴan kallo suna inda ba kuɗi. Ɗan wasan da ya girma ba a taɓa yi masa ihu ba, ranar da ya shiga fili a Alƙahira ko Kumasi sai gwiwarsa ta yi sanyi.

Abin mamaki shi ne ƙasar nan ta riga ta warware matsalar nisa a wani wasan. A 1975 aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Tsarinta kishiyar na ƙwallo ne. Ba a ce ɗan kokowar Difa ya riƙa zuwa Yamai duk mako ba. Kowace jaha tana tace nata a gida, daga ƙauye zuwa gunduma zuwa jaha, ta fitar da goma, jahohi takwas su haɗu a gari guda na kwanaki kamar goma, hukuma ta ɗauki nauyin kai su da saukar su. Baɗi kuma wata jaha ce mai masauki. Tafiya ɗaya a shekara, kowa kuma yana da ranar da za a zo gidansa. Sakamakon a bayyane yake: takobi ya kwana a Maraɗi, ya kwana a Doso, ya kwana a Tawa da Damagaram, Yamai ɗaya ce kawai a cikin masu nema. Yaron ƙauye a Gobir ko Arewa ya san hanyar da za ta kai shi fagen ƙasa tun daga dandalin garinsu, ba sai ya yi ƙaura ba. Shi ya sa in an ce wasan ƙasa a Nijar, kokowa ake nufi.

Ƙwallo ba zai iya kwafe wannan duka ba, domin ɗan ƙwallo yana buƙatar wasa ashirin ko talatin a shekara kafin ya gyaru, kwana goma ba su isa ba. An sha gwada raba gasar rukuni-rukuni don rage tafiya, kuma dabarar tana da nata farashi: in aka ware ƴan gabas su kaɗai, mai ya ragu amma sun daina karawa da mafiya ƙarfi sai a zagayen ƙarshe, inda ake cinye su. Gana ta daɗe a kan wannan tsari a rukuninta na biyu, shiyya uku, ƴan arewa a shiyyarsu. Daga Tamale Abedi Pele ya fara, a Real Tamale United, kafin ya zama gwarzon Afirka sau uku a jere daga 1991 zuwa 1993. A 2016 Wa All Stars, daga can kusurwar arewa maso yamma, ta ci babbar gasar Gana, abin da wata ƙungiyar arewa ba ta taɓa yi ba. Shekara uku bayan haka aka sayar da ita, aka kwashe ta zuwa Akara, aka sa mata suna Legon Cities. Mutanen Wa suka wayi gari ba ƙungiya. Cin kofi ma bai hana babban birni haɗiye ta ba.

Garuwa ce ta nuna cewa ana iya juya taswirar. Nisanta da Yawunde ya kai na Agadas da Yamai ko ya fi, kodayake su suna da jirgin ƙasa da ya iso Gaundare tun 1974, wanda ke rage musu rabin wahala. Shekaru da dama kofin Kamaru na Duwala da Yawunde ne, na su Canon da Tonnerre da Union. A 1986 aka kafa Coton Sport a ƙarƙashin kamfanin auduga na SODECOTON. Ta ci gasar ƙasa karon farko a 1997, ta kuma ci gaba da ci har ta wuce kowace ƙungiya a tarihin ƙasar. A 2008 ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka, Al Ahly ta ci ta biyu da nema a Alƙahira, aka tashi biyu da biyu a Garuwa. Abin da ya bambanta ta da ƙungiyoyin da kamfani ke biya wa mai kawai shi ne ba ta tsaya a kuɗin hanya ba. Ta gina wurin atisaye nata, ta kafa makarantar renon yara, ta yadda yaron arewa zai samu a gida abin da dā sai ya je kudu. Vincent Aboubakar ɗan Garuwa ne, a nan aka raine shi, daga nan kai tsaye ya tafi Valenciennes ta Faransa a 2010, bai bi ta Yawunde ba.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye a labarin Garuwa. A cikin ƴan wasan Coton Sport na wancan zamani akwai ƴan Nijar: mai tsaron gida Kasali Dauda, da Karim Lasina, da Kamilu Dauda wanda haifaffen Agadas ne. Yaron Abzin ya samu a wani gari mai nisa da babban birninsa, a wata ƙasa, abin da garinsa bai iya ba shi ba, kuma Kasali da Kamilu suna cikin waɗanda suka ɗauki Mena zuwa gasar Afirka. Wani ɓangare na ƙungiyar ƙasar da muka yi alfahari da ita a 2012 da kuɗin audugar Kamaru aka gyara shi.

Wannan ya kai mu ga abin da kowane ɗan Maraɗi ya sani ko ba a faɗa ba. Katsina tana wajen kilomita 90 daga Maraɗi. Kano ta fi kusa da Damagaram fiye da yadda Doso take da ita nesa ba kusa ba, Difa kuma Maiduguri ce maƙwabciyarta. Harshe ɗaya, abinci ɗaya, dangi a kowane gefe. Da ƙasa ce ke tsara gasa, ba iyakar da Faransa da Ingila suka ja ba, da abokan karawar Dankassawa na kowane mako ƴan Katsina da Gusau da Kano ne, a je da safe a dawo da dare. Dokar ƙwallon duniya ta ɗaure kowace ƙungiya ga hukumar ƙasarta, kuma ba mu ga alamar za ta kwance ba. Sai dai ba ta hana wasan sada zumunta ba, ba ta hana gasar yara lokacin hutu tsakanin garuruwan kan iyaka ba, in iyakar tana buɗe. Wannan ita ce tafiya mafi arha da za ta sa yaron Maraɗi ya haɗu da baƙon da ya fi shi, kuma ita ce aka fi sakaci da ita.

A 2019, da Nijar ta karɓi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara ashirin, an raba wasannin tsakanin Yamai da Maraɗi, aka gyara filin Maraɗi saboda haka. Karo ne da ƙwallon nahiya ya bi hanyar gabas maimakon a ce gabas ta zo. Bayan ƴan shekaru kuma Yamai kanta ta ɗanɗani abin da jahohi suka daɗe suna sha: da hukumar ƙwallon Afirka ta ce filin Seyni Kunce bai cika sharuɗɗa ba, Mena ta riƙa karɓar baƙi a Maroko, wasan gida a ƙasar wasu, ba ɗan kallo nata. A arewa kuwa COMINAK ta rufe ramin Akokan ranar 31 ga Maris na 2021, bayan shekara arba'in da ƴan kai tana haƙa. Ma'aikata da yawa suka watse da iyalansu, inuwar da ƙwallon garin ya girma a ƙarƙashinta ta ragu da rabi, Yamai kuma tana nan inda Turawa suka ajiye ta a 1926, kilomita 1,200 daga filin.